An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Kasuwar Wasannin Bidiyo

A watan Afrilun 2014 jama'a suka taru a wata tsohuwar bola da ke bayan garin Alamogordo, a jihar New Mexico ta Amurka, suna kallon motar haƙa tana tono sharar da ta shekara talatin a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake nema shi ne kaset-kaset na wasannin bidiyo da kamfanin Atari ya loda a manyan motoci ya kai ya binne a watan Satumban 1983, bayan da suka yi kwantai a hannunsa. Kimanin kaset dubu 700 aka binne a wurin, masu tonon kuma suka fito da kusan 1,300 daga ciki. Tun kafin a tono ta, wannan bola ta riga ta zama abin kafa hujja a duk muhawarar da ake yi kan makomar wannan kasuwa, domin da zarar wani ya ga wasanni marasa inganci sun yawaita, sai ya nuna Alamogordo ya ce ga inda aka nufa.

Ƙorafin kashi biyu ne, kuma 'yan gani-kashe-nin wasanni ne suka fi yin sa. Na farko, cewa tarkacen wasannin da ake harhaɗawa cikin gaggawa don a kwashi kuɗi a gudu za su cika kasuwa har mai saye ya gaji ya juya mata baya. Na biyu, cewa masu saye jefi-jefi, waɗanda suke taɓa wasa don ɗebe kewa kawai kuma ba su damu da sanin mai kyau da marar kyau ba, su ne suke ciyar da waɗannan tarkace, kuma ranar da sha'awarsu ta koma wani abin za su watse su bar kamfanoni da bashi. Ni ina kiran waɗannan mutane 'yan cin rani, domin suna zuwa da lokaci su tafi da lokaci, kuma ba na nufin raini da sunan. Ra'ayina shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Tarkace suna da illa, zan kuma faɗi inda illar take, amma abin da ke rusa kasuwa shi ne ɓacewar amana tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma tarihi ya nuna cewa manyan kamfanoni sun fi ƙanana ƙwarewa wajen ɓatar da ita.

Ya kamata a fara da 1983 ɗin da ake ta ambata, a duba abin da ya faru da idon basira. Atari ya fitar da na'urarsa mai suna 2600 a 1977, kuma shekaru biyu na farko shi kaɗai yake yi mata wasanni. A 1979 wasu ƙwararrun ma'aikatansa huɗu, ciki har da David Crane da Alan Miller, suka fice saboda kamfanin ya ƙi ya sa sunayensu a kan wasannin da suka ƙirƙira, ya kuma ƙi ya ba su kaso daga ribar, suka kafa Activision. Atari ya kai su kotu, amma aka ƙare da sulhu, kuma wannan sulhu ya nuna wa kowa cewa ƙofa a buɗe take. Cikin ɗan lokaci kamfanoni suka yi ta tsirowa, har da waɗanda ba su da wata alaƙa da sana'ar: Quaker Oats, mai sayar da abincin karin kumallo, ya mallaki sashen yin wasanni, wani kamfanin abincin karnuka kuma ya sa aka yi masa wasa don tallata hajarsa. Alƙaluman da aka saba kawowa sun ce cinikin wasannin gida a Amurka ya faɗo daga kimanin dala biliyan 3.2 a 1983 zuwa kimanin dala miliyan 100 a 1985. Atari kaɗai ya yi asarar sama da dala miliyan 500 a 1983, kuma a watan Yulin 1984 kamfanin Warner da ke mallakarsa ya sayar da sashen kayan gida ga Jack Tramiel.

Har zuwa nan labarin ya yi daidai da abin da masu ƙorafi suke faɗa. Sai dai akwai abin da ake yawan tsallakewa, wato wasanni biyun da suka fi zubar da mutuncin kasuwar a wancan lokaci daga hannun Atari kansa suka fito. Pac-Man na 1982 ya sayu kimanin miliyan 7 saboda sunan da ya yi a ɗakunan wasa na kuɗi, amma waɗanda suka kai shi gida sun tarar da wani abu mai ƙyafƙyafi da bai kama ƙafar na asali ba. Wasan E.T. kuwa, an biya sama da dala miliyan 20 don samun izinin amfani da sunan shahararren fim ɗin da ke da wannan suna, sannan aka ba mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, kimanin mako biyar ya kammala shi domin ya riski cinikin Kirsimeti. Iyayen da suka sayi waɗannan kaset biyu ba su yi ganganci ba. Sun sayi kayan kamfanin da ya fi kowa suna, a kan cikakken farashi, kuma shi ne ya ci amanarsu. Ƙaramin kamfanin da ba wanda ya san sunansa ba shi da amanar da zai ci tun farko.

Abu na biyu da ake tsallakewa shi ne yadda ake cinikin a wancan zamani. Kaset kaya ne da ake ƙerawa a masana'anta watanni kafin ya shiga kanti, an biya kuɗinsa tun kafin a san ko zai sayu, kuma kanti yana da iyakar wurin ajiya. Idan kaya ya yi kwantai mai kanti yakan mayar wa kamfani, to amma kamfanonin da suka tsiro dare ɗaya sun riga sun karye, ba wanda za a mayar wa. Sai masu kantuna suka zuba kaset ɗin a kwanduna suna sayarwa a dala biyar ko ƙasa da haka, alhali sabon wasa mai kyau yana kan dala talatin ko fiye. Uban da ya shigo kanti ba shi da abin da zai auna inganci da shi sai hoton da ke jikin kwali, ba a gwada masa, ba a karɓar kaya idan ya buɗe, cinikin biri a sama ke nan tsantsa. Da dala talatin zai iya ɗaukar kaset shida daga kwando, don haka ya ɗauka, kuma Activision da wasanninsa suke da kyau ya sha wuya tare da sauran. A daidai lokacin kuma kwamfutocin gida suna karya farashi: Commodore 64 da ta fito a 1982 a kan dala 595 ta sauko zuwa wajen dala 200 a shekarar da ta biyo baya, ga ta tana wasa kuma tana aikin makaranta.

Idan da tarkace kaɗai ke kashe kasuwa, da ta Birtaniya ta riga ta Amurka mutuwa. A can matasa suna rubuta wasanni a ɗakunan kwanansu don kwamfutar ZX Spectrum, ana kwafa a kaset irin na rediyo ana sayarwa da arha, kuma marasa kyau a cikinsu ba su ƙirguwa. Kasuwar ba ta rushe ba, saboda kuɗin da ake zubawa a kowane wasa kaɗan ne, asarar mai saye kaɗan ce, ga kuma mujallu da ke gwada wasanni suna faɗin gaskiya. A Japan ma, a watan Yulin 1983 ne kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar wasansa Famicom, wato a tsakiyar shekarar da Amurka take binne nata kayan.

Maganin da Nintendo ya kawo Amurka a 1985 shi ne masu ƙorafi suke kewa har yau. Ya sa makulli a cikin na'urarsa yadda kaset ɗin da bai amince da shi ba ba zai yi aiki ba, ya taƙaita wa kowane kamfani wasanni biyar a shekara, shi yake ƙera kaset ɗin ya karɓi kuɗinsa tun gaba, sannan ya buga hatimin zinare a jikin kwali. Shugaban kamfanin na lokacin, Hiroshi Yamauchi, ya ɗora alhakin faɗuwar Atari a kan sakacin da ya yi da kamfanonin waje har shara ta cika kasuwa. Tsarin ya yi aiki, ba na musu. Amma duk wanda ya san wasannin wancan zamani ya san cewa da yawa daga cikin masu ɗauke da hatimin nan ba su da daɗin wasa ko kaɗan. Hatimin yana tabbatar da cewa kaset zai yi aiki ne kuma an biya Nintendo haƙƙinsa. Abin da ya gyara shi ne yawan kayan da ke shiga kanti da kuma natsuwar masu kantuna, kuma ya yi hakan ne ta hanyar riƙe wuyan duk wani mai son shiga sana'ar.

Batun 'yan cin rani ya fi zafi ne a zamanin Wii, kuma a nan ne masu ƙorafi suke da hujjarsu mafi ƙarfi. Nintendo ya fitar da na'urar a ƙarshen 2006 da niyyar jawo waɗanda ba su taɓa riƙe abin sarrafa wasa ba, ya kuma yi nasara: kakanni da jikoki suna kaɗa hannu a gaban talabijin suna buga tanis, har aka sayar da na'ura sama da miliyan 101. Kantuna suka cika da wasannin da aka yi a gurguje don waɗannan sababbin masu saye. Da magajiyarta Wii U ta fito a 2012, abin da ta sayar a duk rayuwarta bai kai miliyan 14 ba. Irin wannan ya faru da wasan kiɗa na Guitar Hero, wanda Activision ya fitar da shi da danginsa fiye da sau biyar a shekarar 2009 kaɗai, mutane suka ƙoshi, ya rufe sashen a farkon 2011. Kamfanin Zynga, mai wasan FarmVille na Facebook, ya shiga kasuwar hannun jari a Disambar 2011 a kan dala 10, kafin shekara ta zagayo farashin ya faɗo ƙasa da dala uku. Wanda ya jera waɗannan misalai zai ce ga shi nan, 'yan cin rani ba abin dogaro ba ne.

Tambayar da ta kamata ita ce ina suka tafi. Ba su daina wasa ba, waya suka koma. Shagon manhajoji na Apple ya buɗe a 2008, Angry Birds ya fito a 2009 a kan ƙasa da dala ɗaya, Candy Crush Saga ya biyo baya a 2012, kuma wanda a da sai ya sayi na'urar dala 250 kafin ya ɗebe kewa, yanzu abin yana aljihunsa. A yau kasuwar wasanni ta duniya tana kawo sama da dala biliyan 180 a shekara, kusan rabi daga waya. Activision ya biya dala biliyan 5.9 ya sayi King, mai Candy Crush, a 2016, Zynga ɗin da aka yi wa dariya kuma Take-Two ya saye shi a 2022 a kan dala biliyan 12.7. Nintendo da aka ce 'yan cin rani sun kashe shi ya dawo da na'urar Switch a 2017, ya sayar da fiye da abin da Wii ta sayar. Mai gidan da ya ga baƙin rani sun cika masa zaure sai ya ci bashi ya gina ɗakuna ashirin, shi ya yi kuskuren lissafi, domin baƙin ba su taɓa yi masa alƙawarin zama har damina ba. Haka Activision ya yi da Guitar Hero.

Akwai kuma wani ɗan girman kai a cikin wannan rabe-rabe da ya kamata a faɗa. Ba wanda aka haifa gwani. Tetris da aka haɗa da na'urar hannu ta Game Boy a 1989 da wasan maciji na wayoyin Nokia sun shigar da mutane cikin wannan harka fiye da duk wani wasa mai sarƙaƙiya da 'yan gani-kashe-ni suke alfahari da shi. Mu da ke wannan yanki mun fi kowa sanin haka, domin yawancinmu ta nan muka shigo: ko ta wayar yaya, ko ta kaset ɗin nan da ake rubuta wa wasanni dubu tara a jiki alhali goma ne ake ta maimaitawa, ko ta gidan gem na unguwa inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo. Wannan kaset tarkace ne ta kowace ma'auni, amma ban san wanda ya hana son wasa ba. Saurayin da bai san wasa ko ɗaya ba sai na ƙwallo, amma ya shekara goma yana buga shi kullum, a wane ɓangare za a sa shi? A lissafin masu ƙorafi ɗan cin rani ne, a lissafin kamfanin Electronic Arts mai yin wasan ƙwallo kuwa shi ne ginshiƙin gida.

Yanzu ga zamanin da muke ciki, wanda a yawan tarkace ya ninka 1983 sau ɗaruruwa. Steam, shagon intanet na kamfanin Valve da ke sayar da wasannin kwamfuta, a da yana tantance abin da zai shiga, sai ya sassauta a 2012, sannan a 2017 ya buɗe ƙofa gaba ɗaya: duk mai dala 100 zai iya sa wasansa. Wasannin da ke fitowa a shagon sun tashi daga 'yan ɗaruruwa a shekara zuwa sama da 14,000 a 2023, da sama da 18,000 a 2024. Wasu daga ciki ba a ma ƙirƙira su ba, an sayi hotuna da sassa da aka riga aka haɗa ne aka liƙa musu suna. Wani ƙaramin kamfani mai suna Digital Homicide ya shahara da wannan, har ya kai ƙarar wani mai sharhi da masu saye ɗari a 2016 saboda sun soki kayansa, Valve ya kore shi daga shagon. A 2017 Valve ya cire wasanni 173 na wani kamfani guda a lokaci ɗaya. Duk da haka Steam bai rushe ba, masu amfani da shi ƙaruwa suke yi.

Dalilin a fili yake idan aka tuna abin da ya kashe kantunan 1983. Shagon intanet ba shi da iyakar wurin ajiya, wasan da bai sayu ba ba ya tare wa wani wuri a sito, ba kuma mai kantin da zai karye saboda shi. Mai saye yana ganin ra'ayin dubban waɗanda suka riga shi, yana iya kallon wani yana buga wasan a YouTube ko Twitch kafin ya fitar da sisi, kuma tun watan Yunin 2015 Steam yana mayar da kuɗi ga wanda ya nema cikin kwana 14 matuƙar bai yi wasan ya kai awa biyu ba. Biri ya sauko ƙasa, ana ganinsa kafin a yi ciniki. Shi ya sa mafi yawan tarkacen yau suke mutuwa ba tare da kowa ya san an haife su ba. Wasan The Day Before, da aka yi kusan shekara uku ana tallata shi da hotunan da ba su dace da abin da aka fitar ba, ya fito a Disambar 2023, masu saye suka yi ta neman kuɗinsu, kamfanin ya sanar da rufewa bayan kwana huɗu. A 1983 irin wannan yaudara da ta kwashi watanni tana cin aljihun iyaye.

Inda nake tare da masu ƙorafi shi ne kan ƙananan masu ƙirƙira, kuma ba na ɗaukar wannan da wasa. Mutum biyu ko uku su shekara suna aiki, ranar da wasansu ya fito ya fito tare da wasu arba'in ko hamsin, kafin gari ya waye ya nutse. Mafi muni shi ne kwafi. Waɗanda suka yi Threes sun shafe sama da shekara suna gyara shi, ya fito a farkon 2014 ana sayar da shi, cikin 'yan makonni 2048 da ire-irensa suka fito kyauta suka kwashe jama'a, har wasu suna zaton Threes ne ya kwaikwaya. Da Dong Nguyen ya janye Flappy Bird a Fabrairun 2014, shagunan waya sun cika da kwafinsa cikin kwanaki. Marigayi Satoru Iwata, shugaban Nintendo na lokacin, ya yi gargaɗi a wani taron masu ƙirƙirar wasanni a 2011 cewa yawa da arha a waya za su zubar da darajar wasa a idon mai saye, kuma a wannan bai yi kuskure ba: a yau sayar da wasan waya ko da a kan dala biyu abu ne mai wuya. Fasahar ƙirƙirarriyar basira ta ƙara sauƙaƙa aikin masu tarkace, shagunan Nintendo da PlayStation ma sun fara cika da wasannin da hoton tallarsu ya fi abin da ke ciki kyau nesa ba kusa ba. Wannan zalunci ne ga masu sana'a, kuma nauyin share shi yana kan masu shagunan da suke karɓar kusan kashi 30 cikin ɗari na kowane ciniki.

Sai dai rufe ƙofa irin ta 1985 yana da nasa tsadar, kuma ba a cika lissafa ta ba. Minecraft da Markus Persson ya fara sakewa a 2009 bai kammalu ba, hotunansa kuma kamar an jera bulo. Microsoft ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma ya sayu sama da miliyan 300. Stardew Valley mutum ɗaya ne, Eric Barone, ya yi shi cikin shekara huɗu da rabi. Vampire Survivors ya shigo Steam a kan kimanin dala uku, da kamannin da duk mai tantancewa zai jefa shi kwandon shara da kallo ɗaya, sai ga shi ya ci lambobin yabo, ya kuma haifar da wani sabon salon wasa. Ƙofar da tarkace suke bi ita ce waɗannan suka bi, kuma ban ga wani kwamiti da zai iya rarrabe su tun a bakin ƙofa ba.

Idan ana neman abin da ya yi kama da E.T. a wannan zamani, sama za a duba. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 bayan shekaru ana jira, miliyoyin mutane sun biya kuɗi tun kafin ya fito, amma a kan PlayStation 4 da Xbox One ya zo a lalace har Sony ya cire shi daga shagonsa na kusan wata shida. Takardun da suka fito a wata shari'a a 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II da Horizon Forbidden West kowannensu ya ci sama da dala miliyan 200. Kamfanin da ya zuba irin wannan kuɗi ba ya iya jure faɗuwa ko sau ɗaya, don haka yake gudun sabon abu, yake bin duk salon da ya ga yana kawo kuɗi. Sony ya fitar da wasan Concord a Agustan 2024, ya janye shi cikin mako biyu ya mayar wa mutane kuɗinsu, sannan ya rufe kamfanin da ya yi shi. Sama da ma'aikata dubu goma suka rasa aiki a wannan sana'a a 2023, a 2024 adadin ya ƙaru, kuma mafi yawansu daga manyan kamfanoni ne da suka faɗaɗa a lokacin kullen korona suna zaton cinikin zaman gida zai ɗore. Kuskuren mai gidan nan ne da baƙin rani, an sake maimaita shi. Ana cikin haka farashin sabon wasa ya tashi zuwa dala 70 daga 2020, Nintendo kuma ya sa dala 80 a kan Mario Kart World a 2025, alhali mafi yawan lokacin da mutane suke kashewa a wasa yana tafiya ne ga 'yan tsirarun tsofaffin wasanni irin su Fortnite da Roblox da Minecraft da Grand Theft Auto V. Abokin hamayyar sabon wasa mai kyau shi ne waɗannan ƙattai da suka riƙe lokacin jama'a, kafin a zo ga tarkacen da ba mai buɗe su.

'Yan cin rani kuwa, a wannan tsari, su ne waɗanda aka fi cuta. Wasan da aka ce kyauta ne sai a tsara shi yadda zai yi tsauri a daidai inda mutum ya fara jin daɗinsa, a ce ya biya ya wuce ko ya jira awanni. A 2014 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Apple ya mayar da aƙalla dala miliyan 32.5 ga iyayen da 'ya'yansu suka yi sayayya a cikin wasanni ba da saninsu ba. A Disambar 2022 Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520, wanda miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutanen da aka yaudara suka sayi abin da ba su yi niyya ba ne. Akwatunan sa'a, inda mutum yake biyan kuɗi bai san abin da zai fito masa ba, sun jawo ce-ce-ku-ce a kan Star Wars Battlefront II a 2017, kuma Beljiyam ta ayyana su a matsayin caca a 2018. Ko tallar da ke bayyana a waya tana nuna wani wasa dabam da wanda za a sauke, hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta taɓa haramta irinta a 2020, kuma babban kamfani ne ya yi ta. Uwar da ta ga an cire mata kuɗi daga asusu saboda yaronta ya danna wani abu ba za ta zauna bambance kamfani mai gaskiya da marar gaskiya ba, wake ɗaya ya riga ya ɓata gari. Ita ce ta fi kama da uban 1983, kuma idan akwai wata hanyar da amana za ta sake ɓacewa gaba ɗaya, ta wajenta za ta biyo.

Saboda haka abin da nake ganin ya fi cancanta a yi wa hayaniya shi ne kariyar mai saye, kuma abin takaici ta fi rauni a inda 'yan cin rani suka fi yawa. Mai saye a Steam, wanda galibi gwani ne da ya san abin da yake nema, yana da awa biyu na gwaji. Mai saye a shagon PlayStation yana rasa damar karɓar kuɗinsa da zarar ya fara sauke wasan, sai fa in wasan a lalace yake, kuma shagon Nintendo, wanda iyaye da yara suka fi shiga, a ƙa'ida ba ya mayar da kuɗin wasan da aka saya. Waɗannan kamfanoni biyu suna da ma'aikata da kuɗin da za su iya share kwafi daga shagunansu, su tilasta hoton talla ya zama na ainihin wasan, su kuma ba mai saye awa ɗaya ko biyu ya gwada abin da ya biya. Tun 2015 Valve yake mayar da kuɗi a kan wannan sharaɗi, kuma cinikinsa bai ragu ba.